Mahaman Ɗan Faransa da Ragon Sadakarka

Yaya Dikko, Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba a kai wa mamaci gulma, amma kai ne wanda na saba kawo wa labari in na dawo daga wankin motoci, kuma wannan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya. Maganar ragon sadakarka ce.

Bayan mun binne ka a New Jersey, Inna ta kira daga Funtuwa, daga gidan Alhajin nan mai tarho. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta ce: ranar arba'in in yanka maka rago na gaske mai ƙaho, ba naman firiza ba, a dafa, mutane su ci su yi maka addu'a. Sai da ta sa na maimaita. Tun da ka tafi, wannan ne kaɗai aikin da aka ba ni wanda na san yadda ake yinsa.

To ka san Mahaman, amma bari in faɗa kamar ba ka san shi ba, don faɗar tana da daɗi. Mutumin Maraɗi, direban tasi irinka, yana hawa na ƙasa da namu a unguwarmu ta Parkchester, tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki. A bakinsa shi Bafaranshe ne, da fasfo da komai, kodayake ba wanda ya taɓa ganin fasfon. Kuma shi tsohon ɗan wasan gaba ne, wanda ya buga wa kulob-kulob na Faransa ƙwallo har ƙafarsa ta gaji da cin raga. Lokacin da na zo ƙasar nan kulob biyar ne. Da azumin bara sun kai bakwai. Ranar jana'izarka, a cikin mota, na ji yana gaya wa wani baƙo tara. In aka tambaye shi me ya hana shi zama wuri ɗaya, sai ya ce wani kocin hassada ce ta dame shi, wani kulob ɗin ya yi masa kaɗan, wani garin kuma matan ne suka hana shi sakat. Bana da aka yi gasar kofin duniya a nan Amurka, Faransa ba ta samu zuwa ba, ya ce dama ya san za a yi haka, tun da suka ɓatar da lambar wayarsa.

Amma shi ya ɗauki kafaɗarka ta dama zuwa kabari, kuma shi ya yi ta kawo mini abinci a satin farko. Shi ya sa da ya ce zai kai ni gonar Baturen nan a New Jersey in zaɓi rago, ban yi musu ba.

Na zaɓi wani ƙato, fari mai baƙin kai, ƙahonsa a murɗe, yana kallon mutum kamar ya san abin da ya aikata jiya. Yadda kowa yake yi, ka bar ragonka a gonar, ranar yanka ka dawo ka yanka a can, ka taho da nama. Mahaman ya ce a'a, a sa shi a mota da ransa. Sai da muka hau babban titi, ragon yana cin bayan kujerata, sannan ya gaya mini dalili.

Ashe ya riga ya yi magana da Gariba, kaftin ɗin 'yan Gana na Park Hill, waɗanda kake tsare mana gida in muna wasa da su. Za a buga wasan tunawa da kai. Su kawo rago, mu kawo rago, wanda ya ci ya kwashe duka, kamar yadda ake yi a gida in unguwa ta kara da unguwa.

Na ce, "Kawu Mahaman, ai wannan caca ce. Kuma ragon sadaka ne."

"Caca ita ce abin da ba ka san ƙarshenai ba, mon petit, yarona. Wanga na san ƙarshenai. Dikko ya hi ƙarhin rago guda. Rago biyu za mu yanka mishi."

Na ce in muka faɗi fa. Ya juyo ya dube ni, har motar ta fara bin wani layin, ya ce shin na manta da wa nake magana.

Ya kamata in ce a juya. Amma kwanakin nan ko hular kaina aka ce in bayar, bayarwa nake yi.

Ka san dokar gininmu, ko kare sai da rigima. Mahaman ya samo keken kanti, muka cusa ragon a ciki, ya lulluɓe shi da kwat ɗinsa ta lokacin sanyi, ya kifa masa hula. A watan Agusta. Muna shiga lif sai ga Misis Ortiz, tsohuwar nan 'yar Puerto Rico mai shuka furanni a taga. Ta dubi kwat, ta dube mu. Ragon ya yi wani kuka daga can ƙasan maƙogwaro. Mahaman bai ko ƙifta ido ba, ya ce mata kawunsa ne ya zo daga Afirka, tari yake fama da shi, kuma ba ya son a kalli fuskarsa. Ta dafa kwat ɗin ta yi masa addu'a irin tasu. Washegari ta kawo wa kawu farfesun kaza. Mahaman ya shanye, ya mayar da kwano, ya ce kawu ya gode amma a ƙara barkono. Daga nan kullum sai ta kawo.

Ragon bai daɗe a banɗakinsu ba. Ya ci labulen wanka, ya ci sabulu, ya ci gefen atamfar da matar Mahaman, Anti Halimatu, ta shanya. Ina kan matakala na ji muryarta. Ta ce ɗaya daga cikinsu zai bar gidan yau, kuma in ita aka bar wa zaɓi ragon ne zai zauna, don shi aƙalla an san ranar da zai yi amfani. Mahaman ya ce ba a yi wa professionnel, ƙwararren ɗan wasa, magana haka a gaban dabba. Ta ce shekara goma sha tana aurensa, ba ta taɓa ganin ya buga komai ba sai ƙofa.

Haka rago ya hawo wurina.

Na fara ajiye shi a banɗaki, amma kukansa ya yi yawa, na buɗe masa. Ya zagaya ɗakin, ya shinshina takalmanka, ya je ya kwanta ƙarƙashin taga kusa da gadonka, kamar an nuna masa. Na riƙa karɓo masa ragowar kabeji da latas a shagon Bakoriyen nan. Da safe ƙarar kofatonsa a kan daɓe ce take tashe ni. Wata rana na dawo daga aiki na ji kaina ina sallama a bakin ƙofa, abin da na daina tun da babu mai amsawa. Ya amsa, Yaya. Ba da kyau ba, amma ya amsa.

Mahaman kuwa kullum sai ya hawo duba ragon, wai kofinsa. Ya kama ƙaho ya jijjiga, ya ja masa kunne, ya tura masa busasshen burodi a baki wai abincin zakarun Faransa ne. Ragon sai ya ƙyale shi. Kallonsa kawai yake yi.

Sai atisaye. Ya tara mu a fili ranar Lahadi, mu 'yan Bronx, direbobi da masu gadi da Hisham ɗalibin nan mai gilashi. Ya zo da usur da farar hula da jaka. Bai taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya. Rabi'u, ɗaya daga cikin 'yan wasanmu, ya mirgino masa ita, ya tsallake ta kamar kwata, ya ce a Faransa ɗan wasan gaba ba ya ɓarnatar da ƙafarsa a atisaye, ajiye ta yake yi sai ranar biki. Ya zana mana dabara a ƙasa da tsinke: duk wanda ya samu ƙwallo ya ba Mahaman. Hisham ya tambaya in an tsare Mahaman fa. Ya ce to a jira har a sake shi. Ni aka sa a gola, don safar hannunka tana wurina.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai har unguwar Flatbush, can wani gefen birni. Mutanen ofishin jakadanci ma sun ce za su zo su ga ƙafar da Faransa ta yi asara.

Ranar wasa muka sa rago a bayan tasin Mahaman, muka shiga jirgin ruwan Staten Island da motar. Anti Halimatu tana gaba, ta ce ko a kan gadon asibiti take sai an turo ta ta ga wannan rana. Ragon ya leƙo da kai ta taga, hula a kan ƙaho ɗaya, yana kallon mutum-mutumin matar nan mai ɗaga fitila. Mahaman ya ce Faransawa ne suka ba Amurka ita kyauta, saboda haka shi ma yana da kaso a ciki. Anti Halimatu ta ce to ya karɓo kasonsa su sa a falo.

Filin Park Hill ya cika. Matan Gana sun jera kuloli na wake da shinkafa, yara suna ta gudu suna ihu da Turanci. Golan ƙarfe ne kawai, babu raga. Aka ɗaure ragonmu a jikin waya bayan gola da igiyar shanya, kusa da nasu, wani ɗan siriri mai kama da wanda ya yi jinya. Gariba ya rungume ni, ya ce, "Chale, abokina, Dikko mutum ne. Allah ya jiƙan shi." Sannan ya juya wurin Mahaman yana murmushi, ya ce tun da mu muna da Bafaranshe, su ma sun nemo nasu, don kada a ce an yi rashin adalci.

Sai ga wani Bature mai sanƙo ya taso daga benci, gwiwoyinsa biyu a naɗe da bandeji, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Sunansa Fabiris. Tare suke aiki da Gariba a kicin ɗin wani gidan abinci a Manhattan. Shi kam da gaske ɗan wasan gaba ne, ya yi shekaru yana yawo a rukuni na biyu da na uku a Faransa, bana nan baɗi can, har gwiwa ta ce ya isa. Da aka gaya masa akwai ɗan'uwansa a sana'a a nan, murna ta kusa kashe shi. Ya kama Mahaman ya sumbace shi a kumatu dama da hagu, ya shiga zuba Faransanci.

Ni ba na jin Faransanci. Yawancinmu ba ma ji. Amma Anti Halimatu ta yi makaranta a Yamai, kuma ta ga sadaka ce ta fassara wa jama'a. Ta hau kan kula don kowa ya ji.

Ta ce Bature yana tambaya a ina Malam ya buga. Mahaman ya yi gyaran murya, ya ce Dankerk, a shekara kaza. Fabiris ya dafe ƙirji. Ta ce Bature ya ce shi ma a shekarar yana Dankerk, ɗakinsa yana kallon tashar jiragen ruwa, yaya aka yi ba su haɗu ba. Mahaman ya ce a shekarar ya ji ciwo, yawanci yana asibiti. Ya ce amma inda ya yi suna sosai Bezanson ne. Fabiris ya tafa hannu. Ta ce Bature ya ce kaka biyu ya yi a Bezanson, a can aka fasa masa hanci. Mahaman ya ce ai akwai Bezanson biyu. Fabiris ya ce bai sani ba, ina ɗayar take. Mahaman ya ce can ciki.

Mutane suka fara matsowa. Gumi ya fara tsattsafo wa Mahaman ta ƙarƙashin farar hula. Ya ambaci Nim, Bature ya yi wata shida a Nim. Ya ambaci wani gari da ko Anti Halimatu sai da ta sa ya maimaita, Bature ya ce a nan ya ci ƙwallonsa ta ƙarshe da ka. Duk ƙasar Faransa babu ramin da mutumin nan bai kwana a ciki ba. Can Mahaman ya tsallaka teku, ya ce gaskiya yawancin wasansa a tsibirin Kosika ya yi.

Anti Halimatu ta saurari amsar, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce, "Jama'a, matar Bature 'yar can ce. Wanta ne mai riƙe da makullin filin."

Mahaman ya duba agogon da babu a hannunsa, ya ce lokaci yana tahiya, an zo wasa ne ba hira ba.

Aka busa. Yaya, na ga abubuwa a fili, amma ban taɓa ganin mutum yana gudun ƙwallo da dabara irin haka ba. In tana dama yana hagu. In ta biyo shi hagu sai ya durƙusa ɗaure takalmi. Da Rabi'u ya matsa masa ya ba shi ita a ƙafa, ya ɗaga hannu da kansa ya ce ya yi satar gida, alhali rafari bai gani ba. Sau ɗaya ta same shi ba shiri, ta bugi tumbinsa ta koma inda ta fito, ya juya wurin 'yan kallo ya ce wannan ita ake kira ɗaya-biyu. Minti kaɗan ya fara yi wa benci alamar a canza shi. Ba mu da kowa a benci sai jakarsa.

Fabiris kuwa ba ya gudu, ba zai iya ba. Tsayawa kawai yake yi a wani wuri da ba kowa, kamar mai jiran bas, sai ka ga ƙwallo ta zo wurin. Ya taɓa ta sau ɗaya a hankali, na faɗi dama ta shiga hagu. Ya zo ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini riga, ya ce wani abu mai kama da ban haƙuri. Na tare wasu, wallahi na tare, safarka ba ta ji kunya ba. Amma kowace ƙwallo ta wuce ni sai in waiga can ɗaya gefen in ga ragon yana tsaye, in tuna muryar Inna.

Ana dab da tashi suna gabanmu da ɗaya, don Hisham mai gilashi ya farke mana biyu ba tare da bin dabarar koci ba. Sai wani ɗan Gana ya taɓa ƙwallo da hannu a gidansu. Fenariti. In ta shiga kunnen doki ne, kowa ya koma da ragonsa. Hisham ya ɗauki ƙwallo. Na fara godiya ga Allah.

Sai Mahaman ya ƙwace ta. Ina jin ya lissafa ne cewa ƙwallon da take tsaye wuri ɗaya ba za ta gagare shi ba, kuma mutanen ofishin jakadanci suna kallo. Muka roƙe shi. Na baro gola na zo har tsakiyar fili na ce, "Kawu, don girman Allah ka bar wa Hisham." Ya ce irin wagga ya buga ta fi ɗari, ido rufe.

Ya ajiye ƙwallo. Ya fara ja da baya. Ya ja, ya ja, har ya kusa tsakiyar fili. Ya sunkuyar da kai. Ya shiga kartar ƙasa da ƙafar dama, yana huci.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da wannan yake nufi a wurin rago. Ragonmu yana bayan golan, daidai saitinsa, kuma ya daɗe yana tara wa mutumin nan. Na ga ya ja da baya shi ma har igiya ta miƙe. Ya sunkuyar da kai. Rafari ya busa, su biyun suka taso tare.

Igiyar shanya ba ta yi gardama ba. Golan 'yan Gana ya ji kofato a bayansa, ya yi tsallen da bai yi irinsa ba duk wasan. Ragon ya ratsa ta tsakiyar gola, ya tsallake ƙwallo. Mahaman ya ɗago kai ya ga abin da yake tahowa, ya taka birki, ya juya, kuma a nan ne muka ga gudun da aka ce Faransa ta yi asara. Bai isa ba, ragon ya tunkuye shi ta baya. Ƙarar ta yi kamar an yar da buhun shinkafa daga kan mota. Ya tashi sama kaɗan, ya sauka a kan fuskarsa, gajeren wandonsa ya rabu biyu tun daga ƙugu. Ragon ya ja baya ya ƙara masa ɗaya, ta kunnen da aka ja masa, ina ji. Ƙwallo tana nan inda aka ajiye ta, ba wanda ya taɓa ta.

Fili ya kwanta da dariya. Mutumin ofishin jakadanci da babbar riga yana dukan ƙasa. Anti Halimatu daga kan kula ta ce a bar shi, wannan ita ake kira ɗaya-biyu.

Ragon bai tsaya karɓar gaisuwa ba. Ya bi ta ƙofar fili ya hau titi. Muka bi shi, mu da jesi, mata da ludayi, Fabiris yana ɗingishi a ƙarshe. Ya tsayar da bas, ya shiga shagon wanki ya fito, ya ci furannin wani gida. Kafin mu cim masa motocin 'yan sanda biyu sun tare shi a bakin wani coci, wata 'yar sanda ta riƙe guntuwar igiyar tana shafa masa kai, shi kuma ya yi lamo kamar bai taɓa cutar kowa ba.

Suka tambaya na wane ne. Ka san yadda takardun yawancinmu suke, ka san nawa. Mutum talatin da suka yini suna rigima a kan ragon nan, kowa ya shiga kallon sama. Aka kawo Mahaman a rirriƙe, ɗaure da zanen wata mata a ƙugu. Mutumin da yake zagin fasinja da Turanci kullum, ranar ya ce shi sai Faransanci. Suka juya wurin Fabiris, ya ce shi dai ƙwallo ya zo bugawa. Ni ma ban ce nawa ne ba. Aka kira wata mota, aka sa ragon a ciki. Ta gilashin baya yana kallona.

A nan bakin cocin Anti Halimatu ta daina dariya. Ta gaya wa kowa cewa wannan ba ragon wasa ba ne, shi ne ragon arba'in ɗin Dikko, wanda uwarsa ta yi wasiyya da shi daga gida, kuma babu wani. Ashe Mahaman bai gaya wa 'yan Gana haka ba. Afua matar Gariba ta juya ta dubi mijinta, ludayi a hannu. Ta ce, da irin Hausarsu, "Kai ka ci ragon mamaci, Gariba? Ka kai shi wane gida?" Gariba ya rantse bai sani ba. Ta ce to yanzu ya sani.

Saboda haka ranar arba'in ɗinka ragon 'yan Gana aka yanka, ɗan siririn nan da ya ci wasa. Wanda ya faɗi wasa yana can da ransa. Naman bai da yawa, amma Afua da Anti Halimatu sun ja shi da shinkafa har ya kai kowa, kuma mutanen da suka zo sun ninka waɗanda na gayyata, don duk wanda ya ji labarin yana son ya ga Mahaman. Liman ya yi wa'azi a kan caca, bai kira suna ba, ya dai yi ta kallon kujerar da Mahaman yake kwance a kai rubda ciki.

Fabiris ya zo da burodi cike da buhu. Ya zauna a tabarma da ƙyar, gwiwa a miƙe, ya ɗaga hannu da aka ɗaga don addu'a. Bayan addu'a ya ce, ta bakin Anti Halimatu, ɗakunan haya da ya kwana a ciki sun fi ƙwallayen da ya ci yawa, kuma akwai akwatin da bai taɓa kwancewa ba tun yana saurayi, don ya san ba zai daɗe ba. Rabi'u ya matsa masa ya faɗi gaskiya, ya taɓa ganin Mahaman a wani fili a Faransa ko bai taɓa ba. Fabiris ya dubi Mahaman. Ya ce garuruwan suna da yawa, mutanen da suka wuce ta cikinsu ma haka, shi kansa in ya koma yau ba lalle a gane shi ba. Mahaman ya ɗago kai daga matashi ya ce to kun ji da kunnenku. Yanzu kulob ɗinsa goma ne, na ƙarshen a Staten Island, inda mummunan rauni ya kawo ƙarshen wasansa. Misis Ortiz kuma an gaya mata kawu ya koma ƙauye shan iska, ta ce dama birni bai karɓe shi ba.

Inna ta kira. Ta tambaya an yanka, na ce an yanka. Mai ƙaho, na ce mai ƙaho. Mutane sun ci, na ce har da Bature. Ta ce alhamdulillahi, sannan ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko.

Shekaranjiya na nemi 'yar sandan nan, na ce ni mai son dabbobi ne kawai. Ta ce wata ƙungiya ta kai ragon gona can arewa da birni, inda ba a yanka komai, dabba tana zama har tsufa ya ɗauke ta. Sun ba shi suna, sun ba shi likita. Ya samu wurin zama a Amurka kafin ni. Ta rubuta mini sunan garin, akwai bas da yake zuwa ranar Lahadi.

Ɗakin ya koma shiru yadda ka bar shi. Har yanzu akwai gashinsa a ƙarƙashin taga, ban share ba. Ragonka ne, Yaya, da sunanka na saye shi, an ce in yanka maka shi, kuma ga shi ina jin daɗi da wuƙa ba ta same shi ba. Ban sani ba ko wannan laifi ne. Na sayi kabeji manya guda biyu, suna cikin firiji, na kuma nemi hutun Lahadi a wurin aiki.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.